Rage Ƙiba Ba Tare Da Tsanar Kai Ba: Shawarwari Ga Uwargida Da Mutanen Gidanta

Ana saura mako uku bikin 'yar yayata na kai atamfar anko wurin mai ɗinkina. Shekara huɗu ke nan ita take mini ɗinki, awona na cikin wani tsohon littafinta da bangonsa ya fita. Ta zagaya tef a ƙuguna, ta leƙa littafin, ta sake zagayawa, sannan ta ɗaga murya a gaban 'yan koyo uku da wata baƙuwa: "Kai Anti, inci huɗu fa kika ƙara! Yadi shida ma da ƙyar zai kai." Aka kwashe da dariya, ni ma na taya su. Ina komawa gida na rantse ni da tuwo sai bayan biki. Kwana biyu na yi a kan ruwan ɗumi da lemun tsami da kokwamba. A dare na uku, wajen ƙarfe sha ɗaya, ga ni tsaye a kicin, fitila a kashe, ina ƙwaƙular ƙanzon shinkafa daga tukunya, ina ci ina zagin kaina.

Na san mu masu irin wannan dare muna da yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 mutum ɗaya cikin kowane takwas a duniya yana da ƙibar da ta kai matakin cuta, kuma a tsakanin manya abin ya ninka fiye da sau biyu daga 1990. Mu kuma nan muna da ƙarin wata wahala, wato baki biyu da mutane ke da shi. Amarya ta yi wata uku ba ta murje ba, a ce miji ba ya kula da ita. Ta haifi uku jiki ya buɗe, bakunan nan dai su koma kiranta buhu. Daren ƙanzon nan ya koya mini cewa zagin kai bai taɓa rage mini ko giram ɗaya ba, sai dai ya kai ni bakin tukunya. Ga abin da na tattara tun daga lokacin.

1. Ki san da wa kike kokawa

Yawancinmu mun ɗauka wadda ta kasa rage ƙiba kwaɗayayya ce ko raguwa. Masana jiki sun gano abin ya wuce nan. A 1994 aka gano wani sinadari mai suna leptin wanda kitsen jiki ke fitarwa, aikinsa shaida wa ƙwaƙwalwa cewa akwai tanadi a rumbu. A 1999 kuma masu bincike a Japan suka gano girelin, wanda ciki ke fitarwa don tayar da yunwa. Da zarar nauyi ya fara sauka, leptin sai ya ragu, girelin ya ƙaru. Jiki ya ɗauka fari aka shiga, sai ya ƙara miki yunwa, ya kuma rage yawan abin da yake ƙonawa.

An ga wannan ƙarara a kan mutum 14 da suka shiga wata gasar rage ƙiba ta talabijin a Amurka mai suna The Biggest Loser. A tsakaice kowannensu ya zubar da kilo 58. Da Dakta Kevin Hall da abokan aikinsa suka sake duba su bayan shekara shida, a rahoton da suka fitar a 2016, kilo 41 ya dawo, kuma jikinsu yana ƙona kusan kalori 500 ƙasa da abin da ya kamata a kowace rana. Waɗannan mutane ne da duniya ta shaida irin naci da wahalar da suka sha.

Ga kuma gado. Binciken da aka buga a 1990 a kan tagwayen ƙasar Suwidin da aka raba tun suna ƙanana ya nuna nauyinsu ya tashi kusan iri ɗaya duk da gidaje daban suka tashi. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe: idan gwaggonninki duk masu jiki ne, hanyarki za ta fi ta maƙwabciyarki tudu. Sanin haka ba dalilin naɗe hannu ba ne. Amfaninsa shi ne ki sauke kayan laifin da ba naki ba, ki samu ƙarfin ɗaukar wanda yake naki.

2. Ki yi wa kanki irin maganar da za ki yi wa ƙanwarki

A ce ƙanwarki ce ta zo da hawaye ta ce, "Yaya, wata biyu ina ƙoƙari, ko kilo ɗaya bai sauka ba." Za ki ce mata "dubi tumbinki, ba ki da zuciya"? Ba za ki fara ba. Cewa za ki yi, "Sannu, abin da wuya, zo mu ga inda za a gyara." To me ya sa idan ke ce a gaban madubi sai kalmar farko ta fito?

Farfesa Kristin Neff ta Jami'ar Texas, wadda tun 2003 take nazarin tausaya wa kai, ta kasa shi gida uku: ki sassauta wa kanki a lokacin gazawa, ki tuna gazawa halin ɗan Adam ne gaba ɗaya, ki kuma kalli damuwarki yadda take ba tare da kin ɓoye ta ko kin kambama ta ba. Wasu na tsoron cewa sassauci zai sa su sakankance. Wani gwaji da Claire Adams da Mark Leary suka yi a 2007 ya nuna akasin haka. Sun ba ɗalibai mata donat suka ci, sannan aka kwantar wa wasu hankali cewa kowa kan ci irin wannan wani lokaci, kada su tsananta wa kansu. Sauran ba a ce musu komai ba. Da aka kawo alewa daga baya, a cikin masu takura wa kansu kan abinci, waɗanda aka lallasa sun fi cin kaɗan. Wadda ta ji kunya tana neman abin da zai rufe mata kunyar, kuma abu mafi kusa da hannu shi ne abinci.

3. Kada tuntuɓe ɗaya ya cinye mako guda

Kin je suna, kin ci waina da miyar taushe, kin ƙara da fanke, kin kora da lemo. A hanyar gida sai zuciya ta ce, "Tunda an riga an ɓata, a ƙarasa, sai Litinin a sake sabon lale." Masu bincike biyu na Jami'ar Toronto a Kanada, Janet Polivy da Peter Herman, sun daɗe da bayyana wannan hali a tsakanin masu tsananta dokar abinci: da doka ta karye sau ɗaya, sai a ɓalle gaba ɗaya. Wainar suna ba ta da wani babban lahani. Kwana huɗun da suka biyo bayanta su ne matsalar.

Idan mai ya ɗiga a zanenki, wurin kike wankewa, ba kya tsoma sauran zanen a cikin galan. Abincin da ke gaba ki ci shi yadda kika saba, a lokacinsa. Kada ki ce gobe ba za ki karya kumallo ba don ki rama, yunwar ramuwa ita ce take kai mutum kicin da tsakar dare. Azumin Litinin da Alhamis kuma ki bar shi a matsayinsa na ibada, kada ki mayar da shi bulalar hukunta kanki.

4. Ki rage wa sikeli sarauta

Nauyin mutum kan hau ya sauka da kilo ɗaya zuwa biyu a cikin yini guda. Miya mai gishiri da magi da yawa tana riƙe ruwa a jiki, haka ma gabatowar al'ada. Jiki kan ajiye sitaci a hanta da tsoka, kuma kowane giram ɗaya yana tafiya da ruwa kusan giram uku. Shi ya sa wadda ta daina cin tuwo da shinkafa take ganin kilo biyu sun tafi a makon farko ta yi murna, ranar da ta ci kuma su dawo ta yi kuka. Ruwa ne ya fita, ruwa ne ya dawo.

In za ki hau sikeli, sau ɗaya a mako ya isa: rana ɗaya, da safe, kafin ki ci komai, a kan sikeli ɗaya. Lissafin nan na BMI da ake yi a asibiti, wanda ake raba nauyi da tsawo sau tsawo, wani masanin lissafi ɗan Beljiyam, Adolphe Quetelet, ya ƙirƙiro shi a ƙarni na 19 don nazarin jama'a da yawa. Bai san bambancin tsoka da kitse ba, bai kuma san inda kitsen ya taru ba. Ga awo mai sauƙi da hukumar tsara ƙa'idojin lafiya ta Birtaniya ta ba da shawara a 2022: zagayen ciki kada ya kai rabin tsawon mutum. Ki samo igiya, ki yanke ta daidai tsawonki daga kai zuwa diddige, ki ninka ta biyu, ki zagaya ta a cikinki ɗan sama da cibiya. In bakunan sun haɗu, madalla. In da saura, kin san abin da za ki riƙa dubawa wata-wata. Ki kuma lura da abin da sikeli ba ya gani: hawan bene ba haki, ruku'u da sujada ba ciwon gwiwa, zoben da ya daina matse yatsa.

5. Ki sa buri daidai tsawon hannunki

Da yawa muna so mu koma jikin ranar ɗaurin aure. Lafiya ba ta nemi haka daga gare ki ba. A wani babban bincike a Amurka da aka buga sakamakonsa a 2002, an ɗauki mutum fiye da 3,000 da ke dab da kamuwa da ciwon suga. Rukunin da aka ɗora wa burin rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu da motsa jiki na minti 150 a mako, haɗarin kamuwarsu da ciwon ya ragu da kashi 58 cikin ɗari. Wannan ya fi abin da maganin metformin ya yi a binciken, wato kashi 31.

Ki yi lissafin da kanki. Mai kilo 90, kashi 7 ɗinta bai wuce kilo shida da 'yan kai ba. Za ta tsaya a 84, mutane na iya ci gaba da kiranta mai jiki, amma sukarin jininta da hawan jininta sun ji bambanci. Rabin kilo a mako ci gaba ne mai kyau, wani makon ma ba za a ga komai ba. Hanyar lafiya a bi ta da shekara.

6. Ki ɗinka kayan jikinki na yau

Kusan kowace mace tana da akwatin "sai na rame". Leshin lefe na ciki, da rigar da aka sa sau ɗaya. Ita kuma tana yawo cikin tsofaffin dogayen riguna biyu da hijabi har ƙasa, ko ta cusa kanta cikin siket ɗin da zip ɗinsa ke cizonta tun daga gida har wurin biki. Rigar da ta matse tana tuna miki da ƙibarki a kowane numfashi, kuma wadda take jin a takure ba ta son fita, balle tafiyar ƙafa.

Ki fitar da turmi ɗaya ko biyu ki kai a auna ki sabo. Ki yi kitso, ki yi lalle, ki turara kayanki. A shiga hoton biki da ke, kada kullum ki ce ke ce mai ɗauka. 'Ya'yanki idan sun girma fuskar uwarsu za su nema a hoton. Jikin nan shi ya ɗauki cikinsu wata tara-tara, ya shayar da su, shi yake tashi da asuba ya hura wuta. Bai kamata ya jira sai ya rame kafin a ba shi sutura mai kyau ba.

7. Ki gyara kwano, kada ki yi gaba da abincin gida

Ba sai kin sayi wani abincin Turawa mai tsada ba, kuma tukunya biyu a gida ɗaya ba ta ɗorewa. Tuwon dai, amma malmala ɗaya maimakon biyu, miyar ta fi tuwon yawa. Allah ya hore mana ganye: zogale, rama, alayyahu, kuka, kuɓewa, yakuwa. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli kafin babban abinci yana cika ciki. Wake, ƙwai, kifi, awara da nono marar sukari suna riƙe mutum fiye da farar shinkafa da burodi. Mai kuma a auna shi da cokali, a daina tuttulawa daga bakin galan.

Wurin da aka fi samun riba da sauri shi ne abin sha. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sukarin da babba zai sha a yini kada ya wuce kimanin cokalin shayi 12, kuma kwalbar lemo mai rabin lita kan ɗauki kusan hakan ita kaɗai. Zoɓo, kunun aya da shayin safe ma ki rage musu sukari kaɗan-kaɗan har harshe ya saba. Koyarwar da muka taso da ita ta kasa ciki uku, abinci da ruwa da numfashi, ta isa ma'auni. Ki ci a zaune, a faranti, fitila a kunne. Abin da aka ci a ɓoye ba ya ƙosarwa.

8. Ki motsa jiki don ki ji daɗinsa

Wadda take motsa jiki don ta hukunta kanta a kan abin da ta ci jiya, mako biyu za ta yi ta gaji. Abin da ake nema minti 150 ne a mako, wato rabin awa sau biyar, kuma ana iya yanka shi minti goma-goma. Wadda ba ta fita tana da tsakar gida: zagaye bayan sallar asuba kafin rana ta yi zafi, shara da sauri, tsallen igiya tare da yara in gwiwa ta yarda. Mai fita ta sauka daga Keke Napep kafin a kai ƙofar gida ta ƙarasa da ƙafa. Ko sikeli bai motsa ba, tafiyar tana sauke hawan jini, tana gyara barci, tana wanke zuciya.

Barcin ma ki ba shi haƙƙinsa. Ƙarancin barci yana tayar da sinadarin yunwar nan da muka ambata, shi ya sa wadda ta raba dare tana kallon waya take tashi da kwaɗayin zaƙi.

9. Ki yi hattara da masu cin kasuwa da damuwarki

Hotunan da kike gani a Instagram da TikTok an zaɓe su ne daga cikin goma, an tsaya ta gefen da ya fi kyau, an ja ciki, sau da yawa manhaja ta rage ƙugu. Duk shafin da in kin rufe shi kike jin kin tsani kanki, ki daina bibiyarsa. A ƙarƙashin irin waɗannan hotuna ake tallar shayin rage tumbi "cikin kwana bakwai". Da yawansu ganyen filasko ne a ciki ko danginsa. Gudawa yake sa ki, ruwa ya fita, sikeli ya sauka, kitse na nan inda yake, in an daɗe ana sha kuma hanji ya kasa aiki sai da shi.

Kasuwar nan ita ce ta sayar wa 'yan mata "sha ka fashe" lokacin da ake yi musu gorin rama. Wasu daga cikin waɗannan ƙwayoyi, irin su dexamethasone, suna kumbura fuska, su jawo hawan jini da ciwon suga, su raunana ƙashi. Mai shan su kada ta daina farat ɗaya, ta je likita ya janye mata a hankali. Da mai tallar ƙiba da mai tallar rama, jarinsu ɗaya ne: ki ji ba ki isa ba.

10. Maigida da sauran mutanen gida, wannan taku ce

Maigida, wasan "giwar gidana" a gaban baƙi, kai kaɗai kake jin daɗinsa. Idan kana ganin gori zai zaburar da ita, ga abin da aka gano: wani bincike da aka buga a 2013 ya bi Amurkawa fiye da 6,000 tsawon shekara huɗu, waɗanda aka wulaƙanta saboda nauyinsu sun fi sauran yiwuwar faɗawa ƙibar da ta kai matakin cuta da ninki biyu da rabi. Aya ta 11 a Suratul Hujurat ta riga ta hana mu izgili da jifan juna da sunayen banza, kuma ba ta cire mata da miji ba. A ruwayar Abu Dawud, Manzon Allah (SAW) ya yi tsere da Nana A'isha ta wuce shi, bayan wani lokaci da ta ƙara jiki suka sake ya wuce ta, abin ya ƙare cikin raha. Ka ɗauki darasin: ka fita tafiyar yamma tare da ita, ka rage shigo da lemo da tsire ƙarfe goma na dare. Kai ma ka gwada igiyar nan a tumbinka, tunda ciwon suga bai san ana kiran tumbi alamar naira ba.

Iyaye da surukai, mai jego a yi mata uzuri. Mace mai matsakaicin jiki ana sa ran ta ƙara kilo 11 zuwa 16 a lokacin ciki, jaririn kuwa bai fi kilo uku da 'yan kai ba. Mahaifa kanta sai ta yi kusan mako shida kafin ta koma yadda take, sauran jiki ya fi haka daɗewa. Yara kuma suna ji. Yarinyar da take ganin uwarta tana tsaki a gaban madubi, ko ake ce mata "'yar lukuta, rage ci" a gaban 'yan uwanta, ita ce gobe za ta koyi ci a ɓoye. A gyara tukunyar gida gaba ɗaya, kada a ware yaro ɗaya.

11. Ki san lokacin zuwa asibiti

Ruwa ba ya tsami banza. Idan nauyi yana hawa da sauri ba tare da kin sauya ci ba, ga kasala da jin sanyi da bushewar fata, a duba ƙullun wuya da ake kira tayirod. Idan al'ada ta rikice, ga gashi a haɓa da ƙuraje, a duba matsalar da likitoci ke kira PCOS. Allurar tsarin iyali ta wata uku, insulin, da wasu magungunan taɓin hankali da na farfaɗiya kan ƙara wa wasu nauyi. Kada ki daina da kanki, ki tambayi likita ko akwai madadi. Kumburin ƙafa da haki, musamman bayan haihuwa, a je a ranar.

Haka nan idan kina cin abinci mai yawa a ɓoye har ki ji kin kasa tsayawa, ko kina sa yatsa a maƙogwaro bayan ci, ko baƙin ciki ya hana ki shiga mutane, wannan ciwo ne mai magani kamar kowane ciwo. Ki auna hawan jini da suga ko sau ɗaya a shekara, komai girman jikinki ko ƙanƙantarsa.

Ankon nan dai an ɗinka shi da sabon awo, na sa shi na yi hidimar biki tun daga kamu har kai amarya, ina cikin hotuna kusan goma. Bayan wata takwas na koma wurin mai ɗinkin da wani yadi. Kafin ta ɗauko tef na ce, "Don Allah in kin auna ki rubuta kawai, ba sai unguwa ta ji ba." Ta ɗan ji kunya, ta ce, "Yi haƙuri Anti, wallahi ban san ya dame ki ba." Ta auna ta rubuta. Da na leƙa littafin, inci ɗaya da rabi ne ya sauka daga cikin huɗun. Na zaɓi ɗinkin da nake so, na biya kuɗin aljihu biyu a rigar, na taka da ƙafa zuwa gida.